Wuyan Tulu a Gindin Bango

A shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna gobara ta cinye gidan Salihu na Damari. Ba a rasa rai ba, amma ɗakuna da rumbu duk sun zama toka. Shi da matarsa Suwaibatu da 'yarsu ta goye suka dawo Mairuwa, suka raɓa a gidan Gwaggo Hajaratu, ƙanwar mahaifinsa. Abin da ya rage musu a duniya karsana ce ja, wadda Suwaibatu ta gada daga mahaifiyarta, tana wajen Fulani a Ruwan Godiya. Karsanar tana da ciki.

Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa, sai Salihu ya zo da labari. Wani mutum mai suna Harisu zai koma Funtua dakon auduga, yana so ya rabu da gidansa: soro ɗaya da ɗakunan ciyawa biyu. Ya ce ba sai an tsaya ciniki ba, a ba shi karsanar nan a ɗauki gida.

"Soro ne hwa," in ji Salihu. "Wuta ba ta cin soro."

Suwaibatu tana tsintar wake, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, shi mai gidan mi ya sa shike sauri?"

"Aiki ke jiran shi."

"Soro guda, a bakin karsana guda?"

"Ke dai ba ki son rabuwa da saniyarki. Ki hwaɗi haka mu huta."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ba haka ba ne, ko kuwa ba haka ba ne duka. Ita ma tun daga gobarar ko hayaƙin murhu ta ji ya yi yawa sai gabanta ya faɗi. Amma in karsana ta tafi, gida kuma ya zo da matsala, babu sauran abin da za su kama.

Gwaggo Hajaratu ce ta raba su. Ta ce, "Kai ka gani, mu ba mu gani ba. Gobe ni da ita za mu je. Kai na san rufi ka kalla ka fito."

"Ai da magini na tahi. Ɗanliti ya hau ya duba, ya ce azara lahiya lau."

"To ɗiyar taku bisa azara za ta yi rarrafe?"

Washegari da hantsi suka tafi. Suwaibatu ta goya 'yarta, ta ɗauki ƙwarya da ɗan gero a ciki kamar na gaisuwa, a ƙarƙashin ƙyallen da ta rufe ƙwaryar kuwa ta ɓoye madaɓinta. Tun tana ƙarama take bin mahaifiyarta daɓe gidajen Damari. Madaɓin nan shi kaɗai wuta ta bar mata, don ranar gobarar yana wajen aro.

Lauratu, matar Harisu, ta tarbe su da fara'a mai yawa. Ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa, ta kawo goro, ta shiga labarin Funtua da jirgin ƙasa. Sai da Gwaggo ta ce, "Mu hwa soro muka zo gani, ba jirgi ba," sannan ta tashi ta ɗauko mabuɗi.

Suwaibatu ba ta iya yi wa baƙuwa tambaya kai tsaye. Abin da take yi shi ne ta matsa kusa da Gwaggo ta raɗa mata, Gwaggo kuwa ta faɗa da ƙarfi, har ta ƙara nata.

Tun daga ƙofa aka fara. Ƙyauren yana jan ƙasa, sai da Lauratu ta ɗaga shi da kafaɗa ya buɗe. Suwaibatu ta dubi dokin ƙofa, ta ga gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Ta raɗa.

"Ƙyauren ga haka aka haihe shi, ko tsuhwa ne?" in ji Gwaggo.

"Damina ce ta kumbura shi, Gwaggo."

"Da bazarar ga? To Allah shi ba shi lahiya."

Cikin soron akwai sanyi, ga duhu-duhu. Da idonsu ya washe suka ga azara a jere, baƙaƙe, babu alamar gara, babu tabon yoyo. Ɗanliti bai yi ƙarya ba. Akwai alkuki a bango inda ake ajiye fitila, akwai gadon ƙasa ta wajen gabas. A kusurwar yamma an shimfiɗa tsohuwar tabarma, an ɗora mata randa babba. Bangon yamman kuwa yaɓensa sabo ne, har ana ganin sawun yatsu, ciyawar cikin kwaɓin ba ta ko dushe ba.

Suwaibatu ta daɗe tana kallon bangon. Kowa ya san ruwa daga gabas yake zuwa, bangon gabas ne ke shan duka, shi ake yi wa yaɓe kafin damina. Da suke shigowa ta ga na gabas ɗin ya zaizaye, ba a taɓa shi ba. Ta raɗa.

Gwaggo ta ce, "Lauratu, ku a gidan ga ruwa daga yamma shike zo maku?"

Lauratu ta yi dariya. "Kwaɓin ne ya ƙare kahin a kai gabas."

"Sai aka hwara da inda bai da ciwo."

Suna cikin haka Suwaibatu ta lura da wani abu. Daɓen ɗaki yana nuna inda mutane ke bi: inda ƙafa ta saba takawa yakan yi santsi, ya yi duhu. A soron nan santsin ya taso daga ƙofa, ya lanƙwasa ya bi ta gindin gado. Ɓangaren randa kuwa daɓen yana nan da kaushinsa, kamar jiya aka gama shi. Ita ma Lauratu tun da suka shigo tana maƙale a wajen gado, ko da take nuna musu randar daga nesa ta miƙa hannu.

Suwaibatu ta sauke ƙwarya, ta zaro madaɓi, ta durƙusa. Lauratu ta daina dariya.

"Daɓe za ki yi mana tun ba ki tare ba?"

Suwaibatu ta gyara riƙon madaɓi. Ta buga ƙasa kusa da ƙofa, ta ji kip, kip, irin na ƙasa mai cikakken ciki. Ta ja gwiwa ta buga gaba kaɗan, haka. Da ta kusa bakin tabarma sai ƙarar ta sake, ta zama dum, dum, kamar an buga ƙwarya a kife. Randar ta amsa da ɗan kaɗawa. Babu ruwa a cikinta.

"Randa ce ke amo," in ji Lauratu da sauri. "Ko'ina aka aje randa haka ne."

Suwaibatu ta ja baya ta miƙe. Ta raɗa wa Gwaggo cewa tana so ta ga bayan soro.

Ta baya ma an yi wa bangon yamma sabon yaɓe, tun daga sama har ƙasa. A gindinsa, dab da ƙasa, akwai curin laka da aka manna daban, kaji sun tone rabinsa. Wani abu ja mai zagaye ya leƙo. Suwaibatu ta kankare sauran lakar da ƙotar madaɓi, sai ga bakin tulu, wuyansa ya shige cikin bango. Ta jiƙa yatsa da miyau ta kai wajen. Iska ce ke fitowa a hankali, mai sanyi, mai warin danshi.

Gwaggo ta ja da baya tana a'uziyya. "Wanga hwa mi ne ne?"

"Magudana ce," in ji Lauratu. "In an yi wanka ciki, nan ruwa ke hita."

Suwaibatu ba ta ga wata kafa a cikin ɗakin ba. Ta tsinci dogon karan dawa ta zura. Karan bai miƙe zuwa cikin ɗaki ba, ƙasa ya nufa, ya yi ta shiga har ya ƙare a hannunta bai taɓo komai ba. Magudana waje take kai ruwa. Wannan in an zuba mata ruwa ƙarƙashin soro za ta kai shi.

"Wa ya toshe?"

Muryar daga bayansu ta fito. Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa zaune a inuwar rumbu, da mazari da abawa a gabanta, ba su ma lura da ita ba. Dada ke nan, yayar mahaifin Harisu. Ta dafa sanda ta taso, tana kallon lakar da aka kankare.

"Na ce wa ya toshe? In kun toshe, mi za su shaƙa?"

"Su wa, Dada?" in ji Gwaggo.

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi Suwaibatu, sai ta kama bakinta. Ta koma ta zauna ta ɗauki mazarinta.

"Rikicin tsuhwa ne," in ji Lauratu. "Haka take. Kullum kar a yi daka a soro, kar a toshe tulu. Mun gaji."

A hanya Gwaggo ba ta huta ba. Ta ce asiri ne, an binne baƙin rago. Can ta ce a'a, mutanen ɓoye ake kiwo a gidan, shi ya sa Harisu bai taɓa yin arziki ba. Suwaibatu tana biye da ita, tana tunanin ƙyauren da ke jan ƙasa. Ta wajen yamma dokin ƙofar ya sauka.

Da la'asar ta gaya wa Salihu duk abin da ta gani. Ya saurara yana gyaran ƙotar fartanya.

"Tulu a bango," ya ce. "Tsohon gida wane ne babu tarkace a bangon shi? Kakana ƙahon sa ya sa a nashi."

"Ƙaho ba ya hitar da iska, Malam."

"Kin ga hadarin jiya? In ruwa ya sauka muna nan, ina za mu sa kai? Ɗakin Gwaggo yoyo shikai. Akwai wani mutumin Faskari da ke son gidan, Harisu ya hwaɗa mani."

"Ka gan shi?"

"Wa?"

"Mutumin Faskarin."

Salihu ya ajiye fartanya. Ya ce ya riga ya aika a kawo karsana, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a shafa fatiha a gaban liman. In tana da abin faɗa ta faɗa a can, ta kunyata shi a gaban mutane. Ya san ba za ta iya ba.

Ana gobe Juma'a ta koma gidan ita kaɗai, da ɗan ƙunshin auduga, ta ce wa Lauratu ta kawo wa Dada kaɗi ne. Ta zauna kusa da tsohuwar tana cire mata gurya. Lauratu ta ɗauko tsintsiya tana share wurin da ba shi da datti, nesa kaɗan da su.

Da Lauratu ta shiga duba tukunya, Suwaibatu ta ce a hankali, "Dada, ɗiyata za ta yi rarrafe cikin soron can. Mi ke ƙarƙashi?"

Dada ta ci gaba da murza mazari. "Ke ta wajen su wa ce?"

"Daga Damari nike."

"Haka kowa ke cewa. Su ma in za su zo, mace suke hwara aikowa, da goyo, ta nemi ruwan sha, ta ƙirga yaran gida." Ta kalli goyon Suwaibatu. "Baba ya ce wanda ya hwaɗi, ya saida 'yan'uwan shi. Ni ban taɓa hwaɗi ba."

Ta koma kan kaɗinta. Amma da Suwaibatu za ta tashi, tsohuwar ta kama bakin zanenta ta ce, "In kin ji kuka, ki sa mata nono. Kar a ji ta daga waje."

Ranar Juma'a aka ɗaure karsana a gindin bishiyar ƙofar gidan Harisu. Cikinta ya fito sosai. Maza suka zauna a zaure, liman da Harisu da Salihu da maƙwabta. Mata suna daga ciki, bayan zana. Liman ya ce tunda dabba ta mace ce, sai an ji daga bakinta. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajaratu, ki tambaye ta. Ta yarda?"

Suwaibatu ta gyara goyonta. Lauratu tana tsaye tana kallon ta. Suwaibatu ta matsa jikin Gwaggo ta raɗa, sai da ta maimaita sannan Gwaggo ta ji.

"Malam, ta ce a ɗage randa a soka dagi a kusurwar. In dagi ya tsaya, ta yarda."

Sai Harisu ya ce, "A ɓata mani daɓe? In an hwasa ciniki wa zai gyara?"

"Ta ce ita za ta gyara, aikinta ne," in ji Gwaggo, ba ta ma jira raɗa ba. "Ko akwai abin da kake tsoron dagi shi taɓo?"

"Gwaggo, don Allah," in ji Salihu.

Liman ya ce babu laifi a cikin wannan, mai saye yana da haƙƙin dubawa. Aka aro dagi a maƙwabta. Mata suka koma gefe, maza suka shiga. Suwaibatu tana leƙe ta bayan Gwaggo. Ta ga Harisu ya tsaya a bakin ƙofar soro, ya nuna randar da baki, ya bar Salihu da wani maƙwabci suka mirgino ta. Da aka yaye tabarma sai ga tsaga a daɓen, siririya, ta taso daga gindin bango ta yi baka.

Salihu ya ɗaga dagi ya soka, da haushi, don a gama. Daɓen ya fashe. Ya sake ɗagawa ya soka da ƙarfi. Dagin ya shige, ya ci gaba da shigewa, ya zame daga hannunsa ya ɓace. Sai can suka ji ya faɗi a ƙasa.

Salihu ya tsaya da hannu a buɗe. Ƙasar da ke gaban ƙafarsa ta fara zubewa cikin kafar, shuu, kamar ana zuba gero a buhu. Maƙwabcin ya fizgo rigarsa. Suna kaiwa wajen gado kusurwar ta rufta, faɗin tabarma guda, ƙura ta tashi. Sabon yaɓen bangon ya ɓare ya faɗo, tsagar da ke bayansa ta bayyana, hannu zai iya shiga.

Da ƙura ta lafa aka ɗaura fitila a igiya aka zura. Rami ne, ya fi tsawon mutum zurfi, mai faɗin ciki. An rufe shi da azara a can da, aka zuba ƙasa, aka yi daɓe a kai. Waɗannan azarar ta ƙasa, waɗanda Ɗanliti bai san da su ba, gara ta cinye su sun zama gari. A jikin ramin ga wuyan tulu an jona da wani wuyan tulu, sun hau har gindin bango.

Harisu ya ture mutane ya leƙa. Ya juyo ya kalli Salihu. "Wa ya hwaɗa maku? Dama abin da kuke so ke nan. Duk abin da ke ciki na kakana ne, ba shi cikin ciniki."

"Ciniki?" in ji Salihu. "Da kabarinmu za ka sayar mani."

"Wallahi ban san rami ba ne. Cewa aka yi kar a taka, kar a yi daka. Na zaci tsari ne aka binne."

Shi da kansa ya sa tsani ya sauka, don kar wani ya riga shi. Ya daɗe yana tono da hannu. Abin da ya fito da shi dagin mutane ne, da fasassun tukwane, da wata ƙaramar munduwa ta tagulla da ta yi kore, wadda ko yatsunsa uku ba za su shiga ba.

Dada ta iso bakin ƙofa da sandarta. Ta daɗe tana kallon ramin a buɗe, ga mutane tsaye a kansa, ga liman. Ta miƙa hannu Harisu ya ba ta munduwar.

"Tawa ce," ta ce. "Nan Baba ke zuba mu in mahara sun taso, mu da dawa. Sai shi ja tabarma shi ɗora randa. Ta tulun muke shan iska." Ta juya munduwar a tafinta. "Ta hwaɗi mani cikin duhu, na yi kukan ta, Inna ta toshe mani baki."

Liman ya ce a koma zaure. Aka daɗe ana magana. Harisu ya ce zai cike ramin da marmara, ya sa Ɗanliti ya rushe bangon yamma ya sake ɗora shi, a ba shi karsana yau. Liman ya sake aikowa a tambayi mai dabba.

Suwaibatu ta raɗa, Gwaggo ta faɗa. A cike rami a gyara bango. Su kuma za su zauna a ɗakunan ciyawa, damina ta wuce a kan soro babu kowa a ciki. In kaka ta yi bango yana tsaye, Harisu ya zo ya kwance saniya. Abin da ta haifa kafin nan na Suwaibatu ne.

"Ai da cikin na saya," in ji Harisu.

"Ita ma ba da ramin ta saya ba," in ji Gwaggo.

Wani a zaure ya yi dariya. Mutumin Faskari dai ba a sake jin zancensa ba. Harisu ya yarda, aka shafa fatiha a kan haka. Dada ta ce ita babu inda za ta, ba a kuma matsa mata ba.

Da yamma Salihu ya kwance karsana zai mayar da ita Ruwan Godiya. Ya tsaya a bakin zana, igiya a hannu, kamar zai ce wani abu. Sai ya ce, "Ɗakin ciyawa hwa kika zaɓa."

"Na sani, Malam. Murhu a waje zan yi."

Lauratu tana haɗa kayanta a tsakar gida, ba ta kalli kowa ba. Suwaibatu ta so ta tambaye ta, da suka toshe tulun suka yi sabon yaɓe, me suka sani, me ba su sani ba. Ba ta tambaya ba. Ta sauke goyo ta ba Dada ta riƙe, ta ɗauki madaɓi ta shiga ɗakin ciyawa na farko, ta durƙusa a bakin ƙofa ta fara bugawa tana saurare.